Bakteriyar Inna Ba Ta da Dafi

Inna dai in ta kafe a kan magana, sai ka gaji ka bar ta. Tun da jikanta, ɗan ƙanwata da muke kira Kumatu, ya yi zawo mai jini har aka kwantar da shi a asibiti, ta daina ɗaukarsa. Yaro ya warke sumul, yana rarrafowa yana miƙa mata hannu, ita kuwa sai ta janye ƙafa ta cusa hannuwanta cikin mayafi. Abin yana ci mini rai.

Da yake ita ke ba shi abinci, asibiti sun gwada bayan gidanta, suka ce an ga bakteriya mai suna ɗaya da ta yaron. Shi ke nan fa.

"Ni na sa masa," in ji ta. "Ba zan ƙara ba."

Ni kuwa aikina ke nan, da bakteriyar hanji nake wuni a ɗakin bincike. Na ce, "Haba Inna, suna ne kawai ɗaya! Irin wannan kowa na da ita a ciki, har likitan. Dangi ne masu yawa, yawancinsu ba ruwansu da kowa. Kaɗan ne ke ɗauke da sinadarin gado mai sa dafi, shi ma wajen wata bakteriyar suke arowa, kamar yadda kike aron tukunya a maƙwabta. Wasu su riƙe har su gadar wa 'ya'yansu, wasu su yar."

"To, tawa ta aro ke nan."

Kai, na ji kamar in yi ihu!

Na roƙi Oga a wurin aiki, ya yarda in gwada duk gidan. Na raba wa kowa 'yar roba mai murfi ta zuba bayan gida. Kawu ya ce, "Ni za ki miƙa wa wannan? Da girmana?" Da safe sai ga tasa a bayan ƙofa, an naɗe ta leda kan leda, shi kuma ya fice ko karyawa bai yi ba. Na kuma karɓo bakteriyar da asibiti suka ajiye tun lokacin ciwon Kumatu.

Da aiki ya kammala na san baki ba zai gamsar da Inna ba, sai na kai ta ɗakin binciken da kanta. Na sa mata farar riga, hannun rigar ya shanye nata. Oga ya gaishe ta, ta ce masa, "Ashe da ƙazanta kuke wuni, sannunku."

Na kunna fitilar da ke ƙarƙashin farantin da sakamakon gwajin ke fitowa. "Inna, kowa da layinsa. Inda sinadarin dafin yake, za ki ga zane ya haska. Ga tsohon na Kumatu."

Zane ya haska fes.

"Ga sabon nasa, babu. Ga na Kawu, babu. Wannan kuma naki ne."

Ta sunkuya har tabaraunta na neman faɗuwa. "Ban ga komai ba."

"Ai ba komai ɗin ne."

"Ki ƙara wutar."

Na ƙara. Layin Inna baƙi ƙirin.

"To daga ina ya kwaso?"

"Wallahi ban sani ba, Inna. Yaron da har takalmin baƙi yake lasa?"

Ta tuntsire da dariya, har da dafa teburin da na hana ta taɓawa. Duk da haka sai da ta wanke hannu har gwiwa da sabulunmu, sannan ta fita baranda da sauri, ko rigar ba ta cire ba. Ƙanwata na zaune a can tana jira, Kumatu a cinyarta.

"Ba ni maigidana!"

Ta sure shi, ya cafke mata kunne yana ɓangala dariya. Ta jijjiga shi, ta sake jijjigawa, sai ga hawaye shar a fuskarta.

"Ja'iri," ta ce. "Ashe haka ka yi nauyi ban sani ba?"