Jirgin Baba Matiyu Ya Tsaya a Daji

"Malam Bobbo, don Allah shigo ka yi masa magana, kai ne ka je jami'a!"

Mama Juliana ce ta tare ni a ƙofar gida, ɗankwalinta a hannu. A Hammadu Kafi an ɗauka digiri maganin komai ne, har da taurin kan tsoho. Dokas direba ya kawo akori-kurarsa don a kai mijinta asibiti, yana ta kai da komo a bakin titi.

Na tarar da Baba Matiyu a kujera, ƙafafu a kumbure, ƙirjinsa kamar zugazugin maƙera. A gabansa akwai katakon da ya cinye rabin falon: ƙaramin layin dogo, gada, duwatsun siminti, da tasha mai rufin gwangwani. Tun da ya yi ritaya daga shugabancin tashar jirgin ƙasa ya koma wa wannan. Wasu tsofaffin kuwa, tattabaru suke kiwo.

"Baba, mota tana jira."

"Jirgi yana daji," ya ce, ya nuna da haɓa.

Kan jirgi kore da taragu uku sun tsaya a kan gada. An ɗauke wuta yana tsakiyar tafiya.

"Shekara talatin ban taɓa tashi aiki na bar jirgi tsakanin tasha da tasha ba. Ba yau zan fara ba."

"Baban Noah, abin wasa ne fa!" in ji matarsa.

"Juliana, ke ma da fasinja ce a ciki da ba ki ce haka ba."

Na miƙa hannu zan ɗauke jirgin in ajiye masa a tasha. Ya doke min yatsu da sandarsa.

"A jami'ar taku haka ake yi? A ɗaga jirgi sama kamar ɗan tsako?"

Lokacin kuɗin fetur ne, kowa ya sayi firji, wutar kuma ba ta zama balle ta sanyaya shi. Da can Baba da batirin mota yake tuƙa jiragensa, ta wani akwati mai mariƙi da ake murɗawa. Sai ɗansa Noah ya dawo hutu daga Ingila da sabuwar na'ura mai maɓallan lambobi. An dasa wa koren jirgin wani ɗan ƙarfe a ciki, ka danna lambarsa ya amsa shi kaɗai. Ci gaba ke nan. Sai dai na'urar ba ta cin komai sai wutar bango.

"Ina tsohon akwatin?" na tambaya.

Mama Juliana ta jawo shi daga ƙarƙashin gado. Batirinsa ya daɗe da mutuwa. Muka dubi juna, sannan muka dubi motar Dokas ta taga.

"Batirina?" in ji Dokas. "Malam, in na cire, da me zan kai shi? Da addu'a?"

"In ba ka cire ba, wa za ka kai?"

Ya tafi yana gunaguni da Tangalanci, ya dawo rungume da shi. Na haɗa wayoyi, Mama Juliana tana leƙa waje tana dawowa kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Na murɗa mariƙin. Koren jirgin ko motsi. Ɗan ƙarfen cikinsa ba ya jin yaren batir.

"To, Baba, ka gani. Mu tafi."

"Jirgi in ya mutu a hanya, agaji ake tura masa." Sai da ya huta kafin ya ƙarasa. "Ga baƙin can a rumfa. Shi ba a taɓa shi ba."

Tsohon kan jirgi ne, fentinsa duk ya goge. Na gyara masa layi yadda Baba ya umarta, na sake murɗawa. Ya yi ƙara, ya fito a hankali.

"Sannu! Kar ka kashe min mutane."

Baƙin ya hau gada, ya taɓa taragon baya, ƙafafunsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Dokas, wanda ɗazu yake zagi, ya durƙusa yana cewa, "Tura mana, ɗan'uwa, tura!" Sai koren ya gusa. Suka sauko, suka zaga dutse, suka shiga tasha.

"Tsaya," in ji Baba. Na tsayar. Ya daɗe yana kallo. "Layi ya buɗe. Juliana, kawo min hulata."

Ta ruga ɗaki. Dokas ya fizge wayoyi, ya sungumi batirin ya yi waje. Ni kuma na sunkuya ina lalubo masa takalmi ƙarƙashin kujera. Na samu ɗaya, na ɗaga ƙafarsa zan sa, na ji nauyinta ya sauya. Na ɗaga kai, zugazugin ƙirjinsa ya tsaya.

Kukan Mama Juliana ne ya juyo da Dokas daga tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofa, batirin a ƙirjinsa, ruwansa yana ɗiga a gaban rigarsa, bai sami inda zai ajiye ba.