Maɓallai uku na wandon Manaja

Matar gidan rainon yara ba ta ɓoye mini komai ba: yaron da bai iya zuwa fo da kansa ba, ba ta karɓarsa. Ta ce in kawo nawa ranar Litinin ya wuni a wurinta ta gani da idonta. A kantin maganin da nake aiki kuma an riga an gaya mini in ban koma ranar Talata ba, akwai masu jiran kujerata. Kwana tara ke gare ni, da yaro ɗan shekara biyu da rabi wanda muke kira Manaja, don shi ke ba kowa umarni a gidan nan.

Shi Manaja ba shi da laifi. Cikin kwana uku ya gane abin. Na cire masa nafkin na bar shi da 'yar doguwar riga ba wando, da ya ji ya matsu sai ya ruga ya zauna kan fo ɗinsa shuɗi a bakin banɗaki, ya gama, ya tafa wa kansa. Matsalar daga ubansa ta zo.

Mijina tela ne, irin telan da zai haɗu da baƙo a hanya ya dawo gida rai a ɓace saboda aljihun mutumin ya karkace. Da na ce zan sayo wa yaron wando mai roba a ƙugu guda shida, sai ya ajiye cokali. Wai ɗan tela guda ya shiga cikin 'ya'yan mutane da wando kamar buhu? Wai me za a ce da shagonsa? Na ce masa 'yan shekara biyu ba sa duba ɗinki. Ya ce iyayensu na dubawa.

Ranar Alhamis ya shigo da wandon da ya ɗinka, a goge har da kari. Yadi ruwan toka, aljihu huɗu, zif, maɓallai uku a jere, da ɗan bel mai kan ƙarfe. Wallahi ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Manaja ya sa ya fito kamar mai zuwa neman aiki, ubansa na ta ɗaukarsa hoto.

Ba a yi rabin awa ba yaron ya tsaya cak a tsakiyar falo, ya zaro ido ya ce fo. Ya ruga, na bi shi. Ya isa a kan lokaci kuwa, ya kama wandon yana ja, wando ko gezau. Na durƙusa na kwance bel, na kama maɓallin farko. To mijina ƙanana yake yanka ƙofar maɓalli, wai don kada ta saki da wuri. Yana tsaye a bayana yana cewa in murɗa shi gefe, in tura da babban yatsa. Ina kan na biyu na ji ɗumi a gwiwata.

Duk da haka mijina ya ce ba laifin wando ba ne, rashin koyo ne. Sai ya buɗe makarantar ɓalle maɓalli a kan tabarma. Kafin Asabar Manaja ya iya ɓalle rigar ubansa, da rigar matashin kai, da jakar aikina, komai dai ban da wandonsa. Ni kuma ina ta wanki da shanya, ina ƙirga kwanaki, haushi kamar ya kashe ni.

Ranar Asabar da la'asar na ji gidan ya yi tsit. Na sami Manaja a bayan labule a jiƙe, ko fo ɗin bai nufa ba. Na ce me ya sa bai kira ni ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ban iya ba."

Wannan maganar ta fi mini ciwo a kan aikin da zan rasa. Na ɗauke shi na shiga shagon ubansa da ke gaban gidanmu, na ajiye jiƙaƙƙen wandon a kan keken ɗinki.

"Baban Manaja," na ce, "ka auna ƙugunsa, ka auna tsawon ƙafarsa. Ka auna yatsunsa?"

Ya kama hannun yaron ya juya, ya ɗauko maɓalli ɗaya daga gwangwani ya ɗora masa a tafi. Maɓallin ya fi babban yatsan faɗi.

Ranar Lahadi ya wuni a shago, keke na ta ƙara. Da safiyar Litinin ya fito da wando: ruwan toka, kari, maɓallai uku, bel. Na ji jinina ya hau, na fara haɗa maganar da zan yi masa. Sai ya sa wa yaron, ya ja da baya ya ce, "Manaja, fo."

Yaro ya sa yatsu biyu ya ja. Wando ya zube har idon sawu. Ashe roba ce a ciki. Maɓallan a saman yadi kawai aka ɗinka su, ba sa buɗe komai, bel ɗin ma ado ne daga gaba.

Da yamma na je ɗaukarsa. Matar ta ce sau huɗu ya je, a bushe ya wuni, in kawo shi gobe. Amma ta ce in gaya wa telanmu ya ba ta wahala. Zuwan farko ta durƙusa tana kokawa da maɓallan har gumi ya karyo mata, sai Manaja ya ture hannunta ya ce, "Bari, ni na iya."

Da na ba mijina labari, ya mai da fuskarsa kan keke ya daɗe yana neman zaren da ke hannunsa. Can ya share ido da tsumman yadi, ya tambaye ni ko matar ta lura da aljihun baya.