Fostar Suruka

Tun da Mai Tawada, mai maɗaba'a, ya auri 'yarta, surukarsa ba ta taɓa yaba masa ba, ko da da kuskure. A wurinta, namijin da ke dawowa gida da baƙi a ƙarƙashin farce bai sami sana'a ba tukuna. Abin yana ci masa rai. Shi ya sa da ta buɗe shagon ɗinki ta aiko da hotonta a buga mata fosta, ya rantse sai ya ciro kalma mai daɗi daga bakinta, ko guda ce.

Injinsa tsoho ne, kala ɗaya yake ɗauka a bugu guda. Hoto sai an raba shi farantin bugu huɗu, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, takarda ta yi ta zarya cikin injin kafin mutum ya fito mutum. Ya gama uku, yana shirin ɗaura farantin baƙi, sai ga turarenta ya riga sallamarta shigowa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ai da kin aiko."

"Ɓarnar na zo gani da idona."

Ta ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu, sai ta ƙura mata ido. Fuska ce sumul, goshi fes, ƙasan ido babu ko inuwa, don duk abin da shekaru suka zana mata yana kwance a farantin da ba a buga ba.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Mama, amma bai ƙarasa ba. Saura baƙi."

"Me baƙin zai ƙara?"

Mai hankali da ya yi tari ya canja zance. Shi kuwa bawan Allah, an taɓo sana'a, baki ya ƙi rufuwa.

"Ai shi ke fito da gaskiyar hoto. Inuwa, layin goshi, tamoji..."

"Tamojin wa?"

"Sunan shago da lambar waya ma suna cikinsa, Mama."

"To buga suna da lamba. Fuskata kuwa ka bar min ita yadda Allah ya yi ta."

Mutumin da ke juye tulin aiki a shara saboda ɗigon tawada ɗaya, yau shi ne ya ɗauko auduga da maganin goge faranti. A farantin baƙin ya share goshi, ya share kumatu, ya bi wuya a hankali, ya bar mata ƙwayar ido da gira kawai. Kunya ta hana shi sa sunan maɗaba'arsa a ƙasan fostar.

Da ya kai ragowar aikin shagon, ya tarar da wata mai kawo ɗinki tana duban fostar da aka riga aka manna a bango tana duban surukar.

"Hajiya, 'yarki ce wannan?"

Ya fara ja da baya daga bakin ƙofa.

"Ni ce nan," in ji surukar, tana gyara ɗankwali. "Masu hoto sun daɗe suna yi min ƙarya. Wannan surukina ya buga, duk garin nan babu gwani irinsa." Ta hango shi. "Shigo mana, ɗana, kada ka tsaya a rana."

A duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki marar kyau kamar wannan ba. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya shiga ya zauna a kujerar da ta jawo masa.