Biskit Ɗaya a Kan Faranti

Kun gani. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Kuna zaune a ɗakin taron kulob ɗin wasan ƙwallon kurket ranar Alhamis, lokacin da shugaba Clive Hepworth ya ce za a rufe kicin a kafa na'urar sayar da lemo da biskit na leda, kuka sunkuyar da kai kuna kallon takalmanku. Wani ya juya yana kallon ruwan sama ta taga kamar yau ya fara ganinsa. Kakata, Doreen Oldroyd, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da butar shayi, tana jiran wanda za ta ƙara wa.

Tun kafin a haifi uwata take yin shayin yamma na kulob ɗin nan. Hujjar Clive ita ce hotunan da ya ɗauka da wayarsa: faranti bayan faranti, kowanne ya dawo da biskit ɗaya.

"Kun gani? Ba a cinyewa," in ji shi. "Jama'a sun gaji da shi."

Kowa a ɗakin nan ya san ƙarya ce. Mu ne mutanen da aka rena a kan cewa ɗaukar na ƙarshe rashin tarbiyya ne. Mutum zai ci huɗu, ya ƙura wa na ƙarshen ido kamar zai yi kuka, sannan ya ce ya ƙoshi. Amma ko ɗaya daga cikinku bai buɗe baki ba.

Ranar Asabar na je gidanta da safe. Na same ta tana buga bota da sukari a kwano, kamar ba abin da ya faru.

"Ke mai digiri, wanke hannu," ta ce. "Ba lacca na kira ki ba."

"Kaka, korar ki fa ake shirin yi."

"Clive ya ce hutu ne."

"Hutu! Ke kika ce masa kin gaji?"

"Rage murya, Tamsin. Bangon nan ba shi da kauri, maƙwabciyata Maureen tana jin komai. Miƙo mini garin kastad."

Ta zuba fulawa da kastad, ta cuɗa, ta riƙa mulmula ƙananan dunƙule tana jerawa a tire. Ni ke danna kowanne da cokali mai yatsu.

"A hankali! Ba kan Clive ba ne."

Da suka fito daga obin na kai hannu kan kwanon haɗin tsakiya, bota da sukari mai laushi da aka buga har ya yi fari. Ta doke mini hannu.

"Sai sun huce. Ki shafa da zafi ya narke, ki kai wa mutane miya? Duk karatun nan bai koya miki haƙuri ba."

Bayan sun huce ta zauna tana nema wa kowane biskit abokinsa daidai girma, ta shafa wa ɗaya, ta kifa ɗayan.

Da yamma a kulob aka tsayar da wasa don shan shayi, 'yan wasa suka shigo da fararen kayansu. Kafin shayi ya huce an share farantan. Saura ɗaya a kowanne. Na ɗauki faranti na fara zagaye.

"Malam Barry, ga shi."

"A'a, 'yar nan, ba wa wani."

"Kai fa, Gareth? Tun ɗazu idonka yana kansa."

"Ni? Ina! Na cika fam."

Wani dattijo ya ɗauki wuƙa ya raba shi biyu, ya ci rabi, ya bar rabi. Na ajiye farantin gaban Clive da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara.

"Ɗauki hotonsa, shugaba. Ko in jira ka goge botar da ke gemunka?"

Clive ya shafa gemu.

"Haba Tamsin, ba nan ake irin wannan magana ba. Akwai baƙi."

Sai na ji muryar Kaka a bayana. "Ka yi haƙuri, Clive. Yarinya ce. A ƙara maka shayi?"

Ita ce ta ba shi haƙuri! Ku kuma kuka ci gaba da juya cokali a kofi.

Na bi ta kicin raina yana tafasa, na tarar tana naɗe babbar butar shayin mahaifiyarta a tawul. Butar nan ba ta taɓa barin kicin ɗin ba.

"Ina za ki kai ta?"

"Gida. Gara in ɗauka da hannuna, da a ajiye mini a kwali a bakin ƙofa."

Ta ɗaure tawul ɗin, ba ta dube ni ba.

"Ban ce a yi faɗa saboda ni ba," ta ce a hankali. "Amma ranar taron nan na ɗauka wani zai yi ko da tari ne."

Ranar Alhamis mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a. Kaka ba ta da ƙuri'a, domin dokar kulob ta ce sai wanda ya taɓa buga wasa. Ni ma ba ni da ita. Ku ne kuke da ita, ku da ta ciyar tun kuna sa gajeren wando.

Ku zo. Kada ku aiko da katin godiya, kada ku kawo mata furanni. In Clive ya tambaya ko akwai wanda bai yarda ba, ku miƙe tsaye, ku ɗaga hannu yadda zai gani, ku ce a'a da ƙarfi.