Tsohon Memorin Baba Oyewusi

Shekara sha tara ina sayar da memorin kwamfuta, ɗan katin nan da ke ba ta gudu, a kasuwar Ikeja, sabo da na hannu, ban taɓa ganin ɗan abu mai tsawon yatsa ya ramar da ƙato ba sai a kan Gbenro. Maƙwabcina ne, rumfarsa na jingine da tawa, gyara yake yi, kuma hannunsa na da kyau. Matsalarsa ɗaya ce. Yana son Tinuke, shi kuwa ubanta, Baba Oyewusi, tsohon hedimasta, ya yi wata takwas yana jan ƙafa a kan ranar da dangin Gbenro za su je neman aure.

Rannan sai ga tsohon da kansa ya sauko daga danfo, ƙaramar bas ɗin haya, da kwamfuta naɗe a zani. Gbenro ya zube rub da ciki a gabansa, gaisuwar Yarbawa, cikin ɓawon gyaɗa da ruwan kwata.

"Tashi," in ji Baba. "Tinuke ta ce kai injiniya ne. Ni dai ban ga takarda ba. Tarihin garinmu nake rubutawa, na kai shafi ɗari huɗu, abar nan ta fara tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Gyara ta mu ga irin injiniyan."

Gbenro ya buɗe. Bod ɗin, wato allon da ake soka kayan ciki, tsoho ne, gurbin memori biyu, ɗaya a wofi, ɗaya da wani ƙaramin memori da kamfaninsa ma ya daɗe da rufewa. Ya leƙo wurina, na zaɓa masa babba mai kyau, daidai bod ɗin. Ya cire tsohon, ya naɗe a takarda, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Kwamfuta ta tashi kamar an yi mata allura.

Bayan kwana biyu Baba ya dawo.

"Ina tsakiyar yaƙin kakanmu da mutanen ƙetaren rafi, fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, ta mutu. Sau uku. Kakanmu bai kai ga cin yaƙin ba har yanzu."

Gbenro ya sake zubewa. Ya kunna ta a gabanmu, ya sa mata gwajin memori tun safe har la'asar, ko tari ba ta yi ba. Duk da haka ya zo ya ce in canza masa wani.

"Kayana lafiyarsu ƙalau," na ce.

"Yaya, na sani. Canza kawai."

Na canza. Baba ya tafi, ya dawo. Aka canza akwatin wuta, aka goge fanka, aka sa memori na uku. Ya tafi, ya dawo. A dawowa ta uku bai ma ce wa Gbenro ya tashi ba, ya bar shi a ƙasa yana yi masa bayanin yadda ake koyon sana'a a zamaninsu. Masu rumfunan layinmu kuwa abin nema ya samu. Chidubem mai sayar da caja, da ya hango danfo, sai ya kwaɗa murya: "Injiniya, share ƙasa, surukinka na tafe." Gbenro ya daina cin amala, tuwon doyarsa na rana. Wandonsa ya fara zamewa.

Ni abin da ya ƙona mini rai, an fara cewa memorina jabu ne. Na ce wa Gbenro, "Asabar gidan tsohon nan za mu, da ni. In aljani ne a ɗakin, ina so in gan shi da idona."

Muka je gidansa a Ipaja. Tinuke ta kawo ruwa, ta kalli Gbenro, ta kalli wandon, ta koma ciki. Baba ya kunna kwamfuta, ya buɗe littafinsa, ko minti goma ba a yi ba fuskarta ta yi shuɗi ta mutu. Ya harɗe hannu yana kallonmu.

Gbenro ya kwance murfin. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ga memorina a gurbin farko, ga kuma tsohon nan a gurbi na biyu, zaune daram. Gudunsu ba ɗaya ba, wutar da suke ci ba ɗaya ba, ina za su yi aiki tare?

"Baba," in ji Gbenro a hankali, "wannan na ga ya dawo."

"Gidansa ne, ina zai je? Da na iso gida nake mayar da shi. In zan zo kasuwarku kuma in cire in bar shi a aljihun tebur, don na san ku, sai ku musanya wa mutum ido yana kallo." Sai ya sassauta murya. "Uwar Tinuke ce ta sa shi da hannunta, lokacin tana buga wa mutane takardu. Shekarar da ta rasu ma da shi ta yi aiki. Ga wuri a wofi, don me zan bar shi a takarda?"

Na buɗe baki zan ce, to Baba ai kai ne cutar, sai Gbenro ya taka mini ƙafa, takawa ta mugunta.

"Laifina ne, Baba," ya ce. "Ban zaɓo wanda ya dace ba. A ba ni mako guda."

A danfo na wanke shi tas. Na ce kai wawa ne, mutum ya ɓata maka suna a kasuwa, ya ɓata nawa, ka ce laifinka ne? Ya ce, "Yaya, in gaya wa hedimasta a cikin ɗakinsa cewa shi ne bai iya ba? Kuma a kan abin matarsa? Kai za ka aura mini taka 'yar?" Ba ni da 'ya, ya sani, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Abin da ya yi shi ne ya kwafe lambobin jikin tsohon memorin a tafin hannunsa, ya shiga neman ɗan'uwansa sak: kamfani ɗaya, gudu ɗaya, girma ɗaya. Ya rufe rumfa kwana biyar. Ya zazzage kwandunan masu kayan bola, ya shiga ɗakunan ajiya da ko ɓera ya ƙaurace musu, ya je har kasuwar Alaba ya dawo da ƙura a gashin ido. Ni ma, ina zaginsa, na juye buhunan da ban taɓa ba tun zuwana kasuwar. A rana ta shida wata mata mai ɓarke tsofaffin kwamfutocin ofis ta ciro masa shi daga ƙasan bokiti.

Muka koma. Gbenro ya cire babban memorina mai kyau, ya sa wannan ƙanƙanin kusa da na marigayiya. Kwamfutar ba ta kai gudun da take yi da nawa ba, wannan sai na faɗa. Amma Baba ya yi awa uku yana bugawa, muna zaune kamar masu jiran likita, kakansu ya ci yaƙi, aka ƙetare rafi, kwamfutar ba ta mutu ba.

Baba ya cire tabarau, ya kira Tinuke. Gbenro ya zube.

"Yaron nan bai gama iya aiki ba," in ji Baba. "Sau huɗu kafin ya gano abin da ke gaban hancinsa." Na ji jinina ya hau. "Amma duk sanda abar nan ta mutu, a raina cewa nake uwarki ce ba ta yarda da shi ba. Yau ta yi shiru." Ya dafa murfin kwamfutar, ya jima bai ɗauke hannun ba. "Ka ce wa mutanenka su zo ƙarshen wata."

"Na gode, Baba," in ji Gbenro, goshinsa a kan siminti. "Zan ƙara koyo."

Ni da na zo da cikina fal da magana, sai na tsinci kaina ina kallon silin, don kada hedimasta ya ga idona.