Na Uku a Jerin

Ƙarfe uku saura kwata iska ta kwanta. Auta ta zuba wa allon da ke gabanta ido, koren layin da ke nuna ƙarfin wuta yana ta gangarowa. Manyan fankoki sittin da ke kan tudu, waɗanda tun safe suke juyi suna ba gari wuta, yanzu sai miƙa suke yi kamar wanda ya ƙoshi.

"Injiniya, fara sauke kaya," in ji shugaban ɗakin, ko kofin shayinsa bai ajiye ba.

Tsarin ba sabo ba ne. Akwai masu manyan injina da suka sa hannu a takarda: idan iska ta yi ƙarfi da safe, a tura musu saƙo su sha wuta iya cikinsu, idan ta faɗi kuma a kashe musu na awa biyu, don kada a taɓa gidajen mutane. Ta kashe wa masu injin tura ruwa, dama tankunansu a cike suke. Ta kashe wa kamfanin ƙanƙara. Layin bai fasa sauka ba.

Na uku a jerin shi ne ɗakin sanyin kifi na bakin kasuwa. Na mahaifinta ne.

Baba ba ya karanta saƙon waya. A wurinsa mai magana ya buɗe baki. Shi ya sa kullum da safe ita take kiransa ta ce, "Baba, ƙara sanyi," shi kuma ya murɗa injin har ƙarshe, kifi ya daskare ya zama dutse kafin lokacin kashewa. Yau ba ta kira ba. Jiya ta ce masa shekarunsa sun wuce na ɗaga kwali, ya bar wa wani shagon, shi kuwa ya ce mata a gaban mijinta ai ba ita ta haife shi ba. Abin ya ci ta. Da safe ta ce a ranta saƙo ya tafi, ya isa. Alhali ta san bai isa ba.

"Minti uku gare mu," in ji shugaban. Ya dubi allon, ya dube ta, ya sassauta murya. "Ko in danna miki?"

Ta girgiza kai, ta ɗauki waya.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ashe wayar tana aiki."

"Ka ga saƙon safe?"

"Wane saƙo kuma?"

"Kifin fa, yaushe ya shiga?"

"Da hantsi mota ta sauke. Ko rabin daskarewa bai yi ba."

"Baba, iska ta faɗi, kai ne na gaba a jerin kashewa. Laifina ne, da na kira ka..."

"Bar wannan. In kin tsallake ni, wa ke biye?"

"Babu sauran inji. Sai unguwar asibitin haihuwa."

Tana jin gurnanin injin a bayansa, gurnanin da ta tashi a cikinsa tun tana zama kan kwali tana aikin makaranta. Tausayinsa ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta. Sai ta ji ya daka tsawa can gefe: "Ku rufe ƙofar nan! Kada wanda ya ƙara buɗe ta, ko uban wa ya zo saye!" Ta ji ana jan benci a kan siminti don a tokare ƙofar.

"Kashe, Auta."

Ta danna. A cikin wayar gurnanin ya ja, ya ja, ya mutu. A kan allo layin ya tsaya cak.

"To, na ji hannunki," in ji Baba. Ya yi gyaran murya. "In kin tashi ki biyo, ke da mijin naki. Ku zo da babbar tukunya, kifin saman nan ba zai kai gobe ba."