Sunan da Inna Atika Ta Ɓoye

"Wa na wanga tsoho?" in ji Inna Atika, tana nuna ɗanta da haɓa. "Ku ba shi ruwa shi sha, shi tahi."

Lawwali ya tashi daga bakin gadon, gemunsa fari fat, ya fita. Ma'u, maƙwabciyar da ke jinyar tsohuwar, ta bi shi da ido, tausayi ya kama ta. Mutum da jikokinsa, amma ya fita kamar yaron da aka hana tuwo.

Kowa a Wurno ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, sai dai kunyar Inna Atika ta wuce misali. Ana yaye shi ta miƙa shi ga kakarsa a Rabah. Da ya dawo da girmansa, "wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "mai albasa". Kai, ko watan Rabi'u Lawwal ba ya fita bakinta, sai ta ce watan Mauludi.

Tun da ta kwanta hankalinta ke gudu baya. Mutanen gida suka ce ruɗin tsufa ne, Allah ya sa mu cika da imani. Ma'u kuwa, da yake ita ke zaune da ita wuni, ta ga abin ba a hargitse yake ba. Da farko faɗan auren jikoki take. Sai ta koma shekarar da fara ta cinye gero, tana cewa a liƙe rumbu. Daga nan ta faɗa ranar da aka ce Nasara sun shiga Sakkwato, tana laluben zanen goyo za ta gudu. Jiya kuma yayen Asabe take yi, ƙanwar Lawwali, wadda ƙasa ta daɗe da rufewa.

Ma'u ta tarar da Lawwali a zaure ya saɓa fartanya.

"Kada ka tahi hwadama yau."

"Albasa na son ruwa, Ma'u. In zamna in yi mi? Da hankalinta ma ba ta dube ni ba, balle yanzu. Ni dai na so, kahin ta tahi, in san ko ta taɓa..."

"Saurara. Tsohuwag ga ba ruɗewa takai ba, tahiya takai, zango-zango, tana komawa inda tah hito. Jiya tana wurin Asabe. To wa anka haihwa kahin Asabe?"

Lawwali ya jingine fartanyar.

Ya zauna a ƙasa ta wajen kan gado, inda ba za ta gan shi ba. Hantsi ya ɗaga, kajin gida suka shigo suka fita, ba komai. Har Ma'u ta fara jin kunyar surutun da ta yi. Can sai tsohuwar ta buɗe ido, ta yi magana ƙasa-ƙasa da wata murya ta yarinya wadda Ma'u ba ta taɓa ji ba.

"Ke, leƙa ƙohwa. Uwar mijina na nan?"

"Ta hita," in ji Ma'u.

"Miƙo mani shi maza."

Ma'u ta yafuto Lawwali. Ya matso da gwiwa, ya rasa yadda zai yi da jikinsa, sai ya cire hula ya kwantar da kai a ƙirjinta. Hannunta, duk ƙashi, ya hau kan sanƙonsa yana shafawa.

"Kai, har yau gashin ga bai hito ba," ta ce, ta yi 'yar dariya. "Lawwali. Lawwalina. Sun ce kada in kira ka. To na kira. Kullum sunka ba da baya sai na kira."

Subhanallahi! Ashe sunan yana nan ajiye a bakin tsohuwar fiye da shekara hamsin, ko ƙura bai yi ba.

Kafaɗun dattijon suka shiga rawa. "Na'am, Inna."

"Yi shuru, kada su ji mu."

Bai ƙara motsi ba, har hannun ya zame don kansa. Da azahar ta riga ta wuce shi, tana rigima a ba ta tasa ta tafi talla. Zuwa la'asar uwarta take kira, wai ta ɗauke ta ta gaji. Ma'u ta matsa ta laƙana mata kalmar shahada, ta karɓa a hankali kamar mai koyon magana. Rana ba ta faɗi ba ta cika, aka kai ta makwancinta.

Washegari da sassafe, kafin masu gaisuwa su fara zuwa, Ma'u ta leƙa ta kan danga. Lawwali yana zaune shi kaɗai a ƙofar ɗakin, hularsa a kan gwiwa, ya dafa tsakiyar kansa da hannu.